Turara abinci da hayaki mai sanyi a murhun gas

Mu da ke zaune nan Amurka da yawanmu muna da irin murhun gashin nan na gas mai murfi a bayan gida, amma gaskiya gas ba ya ba nama wani ƙamshi, gashi ne kawai babu ɗanɗanon itace. Shi ya sa mutane ke sayen wani bututun ƙarfe mai ƙananan huji ko'ina a jikinsa, tsawonsa kamar inci 12, a cika shi da felet, wato garin katakon da aka matse ya zama ƴan guntaye. Cikawa ɗaya tana kai awa 4 zuwa 5 tana hayaki.

Abin da nake so jama'a su gane shi ne wannan fa ba banda ba ce irin ta kifin da muka sani a gida, wadda wuta ke ƙasa tana busar da kifin tana dafa shi. Nan ba a kunna gas ɗin ko kaɗan, murhun akwati ne kawai na riƙe hayaki, kuma zafin ciki bai kamata ya wuce digiri 30 a ma'aunin Celsius ba, in ya wuce cukunka zai fara zufa ya narke ya bi ta ramukan raga. Don haka lokacin sanyi ne aikin, ko da asuba, wasu har farantin ƙanƙara suke sawa a ciki.

Kunnawar ce ke ba mutane wahala. Ka tsayar da bututun, ka kunna bakinsa da abin hura wuta mai gas, ka bar harshen wuta ya ci kamar minti 10 sannan ka hure, ka kwantar da shi can gefe nesa da abincin. In felet ɗin ya sha danshi wallahi zai mutu maka a hanya, ka dawo ka tarar babu komai sai sanyi. Hayakin da ake so siriri ne mai ɗan shuɗi, in ka ga fari mai kauri yana tuƙuƙi to iska ba ta shiga, kuma ɗaci zai bari a abinci, sai ka ɗan ɗaga murfin. Kuma don Allah kar ka ɗauko felet ɗin da ake ɗumama ɗaki da shi, na abinci daban ne. Ni na itacen tuffa na fi so, hayakin na itacen hikori yana da ƙarfi sosai.

Cuku awa 2 zuwa 3 ya ishe shi, amma kar ka ci ranar, warin toka zai yi, ka naɗe shi ka sa a firji mako 2 sannan. Gyada, dafaffen ƙwai, gishiri, awara duk suna ɗauka. Wanda ya fi burge ni garin barkono ne, ka baza shi a faranti ya sha hayaki ka haɗa yajin tsire da shi, naman da ka gasa a gas ma sai ya zo da ƙamshin itace.

Ɗanyen kifi da nama kuma ni dai ba na wasa da su. Kifin salmon da ake yi haka a Norway da Scotland sai an jiƙa shi da gishiri da lissafi tukuna, don wannan ɗan ɗumin ba ya kashe ƙwayoyin cuta, ƙara musu daɗi ma yake yi. In ka turara kaza na ɗan lokaci, kunna gas nan take ka gasa ta ta dahu sarai.