Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Hoto a Filin Kiɗa

A makon jiya na tsaya ne a inda maigidana ya yarda in bar hoton fasfo na cikin shago, in fara fita aiki ni kaɗai. Inda ya fara tura ni ajo ne na wani mawaƙin kalangu a Fagge, cikin 1997.

Ya miƙo mini Pentax K1000 da filasha da fim na Kodak, mai cin hoto 36. Ya ce, "Kai yaro, wannan ba gyaɗa ba ce, kada ka je kana watsawa." Na ce, "In sha Allahu, Maigida."

Yaran yanzu da ke ɗaukar hoto ba adadi a waya su zo suna gogewa, da wuya su gane wannan takura. Ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke fim. Filasha in ta yi wal, sai ka jira ta sake cika, tana wani siririn kuka a kunnenka, waƙa kuwa ba ta jiran kowa. Ga NEPA ta yi halin nata, filin duka ƙwan janareta ne a kan gora. In ka ɗauka ba filasha, hannun makaɗi da gularsa sai su fito dishi-dishi. In ka kunna ta, fuska ta yi fau, bayan fage ya yi baƙi ƙirin.

A irin waɗannan darare na gane cewa kunne ke ɗaukar hoton kiɗa. Duk wanda ya jira sai idonsa ya ga abin, to ya riga ya wuce. Ka bi 'yan amshi. Daidai lokacin da za su sauke amshi, mawaƙi zai janye makirfo daga baki, ya ja numfashi, ya ɗago kai yana laluben wanda zai wasa. Nan za ka danna, kafin ya buɗe baki. Haka mai kalangu: in zai sauya kiɗa sai ya matse shi a hammata, kafaɗa ta ɗaga, ya lumshe ido. Duk abin bai fi ƙiftawa ba, amma yakan dawo a kowane zagaye, shi ya sa nake barin baitin farko ya wuce ban taɓa komai ba.

Kuɗi dai a liƙi suke. Alhaji zai taso da bandir na 'yar Murtala ko naira hamsin, don takardar ɗari ba ta fito ba sai 1999, yana mannawa a goshin mawaƙi, sanƙira na ta zuba kirari, shi kuma yana satar kallona ko na ɗauka. Ni irin hotunan nan ba sa burge ni, kusan duk kamarsu ɗaya, amma da su muke cefane.

Da aka wanko na daren nan, Maigida ya ware na liƙi gefe, ya daɗe yana duba na wani makaɗi da ke can baya, gumi na zuba, idonsa a rufe. Ya ce, "Wa zai biya wannan?" Ba wanda ya biya. Sai dai da safe na tarar ya manna shi a gilashin shago, kuma shi ne ya jawo mini tafiya Zariya wasan Sallah, wadda zan kawo labarinta mako mai zuwa in Allah ya kai mu.