Yau na karya katakon Baba

Talata, tsakiyar hunturu. Yatsuna biyu sun ƙone har yanzu zogi suke, amma bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni.

Sati na bakwai kenan ina zuwa shagon Baba koyon haɗa jita, irin ta Sifen mai tsirkiyar nailan guda shida, ba ta lantarki ba. Duk makonnin nan aikina shara ne da wasa ƙarfe da goga samfefa har hancina ya toshe, sai jiya da yamma ya ce gobe ka zo da wuri za mu lanƙwasa gefe. Gari bai gama wayewa ba na hau kabu-kabu daga Mabera, hazo ko gabanka ba ka gani, na iske shi har ya hura gawayi cikin bututun ƙarfen nan da ya ɗaure jikin benci.

Katakon madobiya ne, falle biyu da aka tsaga daga itace ɗaya don zanensu ya zo daidai, an kankare su sun koma kamar milimita 2. Ana ɗan shafa mai ruwa a ɗora kan bututu mai zafi ana jujjuyawa a hankali, ruwan na cuuu, ƙamshi na tashi. Baba ya yi na farko ina kallo, wallahi kamar wasa, yana yi yana sauraren rediyo. Na karɓi na biyu. Wajen ƙasa mai faɗi ya tafi lafiya lau har na fara jin kaina, da na zo ƙugu inda lanƙwasar ta fi tsanani sai na ga kamar ya ƙi tafiya, na ƙara danna shi da ƙarfi, ai kuwa sai ji na yi ƙas! Ya tsage har rabi, garin in tare shi na dafa bututun da hannu.

Na tsaya tsuru-tsuru ina jiran faɗa. Ya karɓa ya duba tsagar ya jima, sannan ya ce "wanga itace ya fi shekara goma shina jira cikin shagon ga, kai minti biyu sun gagare ka. In ya ji wuta da kainai zai saki a hannunka kamar jiƙaƙƙiyar fata, kahin nan ko ka danna karyewa zai yi." Da ma marina ya yi da ya fi min sauƙi.

Bayan azahar muna shan fura sai ya ɗauko labarin Antonio de Torres, mutumin Almeriya a kudancin Sifen, wanda ya rayu daga 1817 zuwa 1892, kusan duk jita irin ta Sifen da ake yi yau siffar tasa ake bi. A 1862 ya haɗa wata da bayanta da gefenta duk na takarda da gam ne, fuskar kawai ya yi da katako mai kyau, don ya nuna fuska ce ke magana, tana nan ajiye a gidan tarihin kiɗa na Basalona. Ni dai abin bai ba ni mamaki sosai ba, ai gurmi ma haka yake, ƙwarya riƙo kawai take, fatar da aka ja a kai ita ke amo. Na faɗa mai haka ya yi dariya ya ce to ka gane, amma ba cewa na yi ka ci gaba da karya min katako ba.

Daga nan ya ciro fuskar daga cikin bargon da yake naɗe ta, farin katako mara nauyi da ake kawowa daga Turai, a bayanta ya manna sanduna sirara guda bakwai sun bazu kamar mafici. Ya riƙe ta da yatsa biyu kusa da kunnena ya ƙwanƙwasa, ta yi wani dumm mai tsawo, ya matsar da yatsun kaɗan ya sake sai amon ya mutu. Ya ce bai taɓa manna sandunan nan a watan Agusta, katako na shan danshin damina ya kumbura, in hunturu ya zo ya tsotse shi sai fuskar ta tsage tunda gam ya riƙe ta ba ta da wurin motsi. Ashe shi ya sa ƙofar ɗakina ke ƙin rufuwa da damina, ni da nake ta zagin kafinta.

Tsawon tsirkiya milimita 650, ƙarfe na 12 cikin waɗanda ake jerawa a wuyan jitar yana faɗawa a rabi, 325, ya sa na rubuta a bango da alli saboda ya ce kaina rariya ne.

Gobe ya ce ba ni ba madobiya, ya tara min guntaye cikin buhu in ta lanƙwasawa har hannu ya koya. Da na dawo gida Inna ta shinshina rigata ta ce ko gasa masara na koma, ta shafa min man kaɗanya a yatsun, kuma ta sake tuna min kujerar tsugunon da na ce zan gyara mata tun kafin sallah.