Bututun da ba a iya rufewa

Idan za a gyara bututun ruwan sha, akwai inda ake murɗawa a rufe shi. A ce wa jama'a su tara ruwa, a yi aiki, a buɗe. Bututun ƙazanta ba shi da wannan gata. Duk wanda ya shiga bayan gida, duk wadda ta yi wanka ko wanke-wanke a unguwar, ruwan nan yana gangarowa ne zuwa daidai inda kake tsaye a cikin rami, dare da rana. Wannan shi ne babban abin da na koya a aikin sauya wani tsohon bututun hukumar gari da na yi a matsayin mai sa ido a fili. A takarda aikin na injiniya da ɗan kwangila ne, amma a ƙasa mutanen layin suna cikinsa dumu-dumu, ko an shawarce su ko ba a shawarce su ba.

Kafin a taɓa ƙasa sai da aka tura kyamara mai ƙafafun taya cikin bututun. Na daɗe ina kallon hoton nan. Wani sashe na gasasshen yumɓu ne, guntu-guntu, kuma yumɓun kansa bai lalace ba, mahaɗai ne suka saki. Ta nan saiwar itatuwa ta kutso, siririya da farko, sannan ta yi tuƙu ta tare hanya, maiƙon girki da tsummoki suka taru a kanta. Sashen kankare kuwa ta sama ya ci, wurin da ruwa ba ya ma taɓawa. Dalili shi ne idan ƙazanta ta jima ba ta gudana, tana fitar da iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayoyin halitta da ke manne a rufin bututun su mai da ita asid, asid ɗin ya yi ta cin siminti har tsakuwa da rodi su bayyana. A wani wuri mun ga yashi yana zubowa ta wata tsaga. Yashin nan daga ƙarƙashin titi yake fitowa, ma'ana akwai kogo da ke girma a ƙasan kwaltar da motoci ke bi.

Mutumin da ke zaune a layin bai ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Bayan gidansa yana tafiya lafiya, sai kawai ya wayi gari da katafila a ƙofarsa. Ban taɓa ganin laifin wanda ya fusata ba. Ko gwamnatoci ma haka suke da abin da ke binne. A Landan, likita John Snow ya danganta annobar kwalara ta 1854 da ruwan wani famfo a titin Broad, amma ba a saki kuɗin manyan magudanan ƙazanta da injiniya Joseph Bazalgette ya tsara ba sai a bazarar 1858, lokacin da warin kogin Thames ya addabi 'yan majalisa a zaurensu. Saboda haka na koma nuna wa mazauna hoton kyamarar a waya. Minti biyu na kallon saiwa da yashi ya fi dogon bayani aiki.

Tunda ba a iya tsayar da ƙazanta, sai a toshe bututun a ramin dubawa na sama (ramin nan mai murfi a titi da ake shiga bututu ta cikinsa), a sa injin ja, a bi da ruwan ta wani tiyo a kan titi zuwa ramin da ke ƙasa da wurin aiki. Injin nan ba ya hutawa. Idan ya mutu da tsakar dare babu mai gadinsa, ruwan zai cika bututu ya koma baya, kuma gidan da ya fi gangare shi zai fara gani a tsakar bayan gidansa. Don haka dole a ajiye inji na biyu a haɗe, da mai a tanki, da mutum a farke. Sai kuma ƙara. Mita 20 da za a matsar da injin daga tagar ɗakin kwana ba komai ba ne ga ɗan kwangila, ƙarin tiyo ne kawai, amma ga mai jariri ko mai jinya shi ne bambancin barci da rashinsa na makonni.

Inda na fi ƙaruwa shi ne ƙananan bututun da ke fitowa daga gidaje su shiga babban. Tsohuwar taswira ba ta san rabinsu ba. An raba gidaje, an ƙara ɗakuna, an yi haɗi ba a rubuta ba. Wanda duk aka manta ba a mayar da shi kan sabon bututu ba, gidansa ya toshe ke nan, kuma ba zai sani ba sai abin ya dawo masa. Wata rana muna auna gaban wani gida, wata dattijuwa ta leƙo ta ce, "Ɗana, ba nan namu yake ba. Ta bayan katanga ya bi, ya haɗe da na maƙwabta." Na ce, "Inna, kin tabbata?" Ta ce a gabanta aka binne shi. Muka zuba ruwan kala a bayan gidanta, muka tsaya a bakin rami. Can sai ga koren ruwa ya ɓullo ta mahaɗar maƙwabcin, yadda ta faɗa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Daga nan bin gida-gida da ruwan kala ya zama farkon aikinmu a kowane sashe, kuma tambayar farko ita ce wa ya fi daɗewa a layin.

Ramin kansa yana da zurfi domin ƙazanta da gangara take tafiya, ba tura ta ake yi ba. Ana so ruwan ya riƙa gudun da bai gaza kamar santimita 60 a daƙiƙa ba, don ya kwashe dattin da ke kwantawa, shi ya sa bututun ke ƙara nitsewa yayin da yake nisa. Ƙasa mai faɗin mita 1, tsawon mita 1, zurfin mita 1 ta haura tan 1 a nauyi. Idan bango ya rufto, lebura ba ya samun damar gudu, saboda haka babu shiga sai an tokare bangon. Iskar da na ambata ma kisa take yi, kuma idan ta yi yawa tana kashe jin wari, sai mutum ya ɗauka ta tafi. Wannan duk ma'aikaci ya sani. Abin da ba kowa ke lissafawa ba shi ne bayan an tashi aiki, lokacin da yara ke fitowa kallon rami. Ra'ayina, kada a buɗe abin da ya wuce wanda za a iya rufewa ko a killace sosai kafin duhu, ko da hakan zai rage saurin aiki. Kowace ƙofa kuma a sa mata gada mai ƙarfi da abin dafawa, wadda keken guragu zai iya bi, a bar hanyar motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana. Masu shaguna su ne asararsu ba ta fitowa a lissafin kowa: mai saye idan ya sauya hanya na wata biyu, ba lalle ya dawo ba.

Rigimar tsagewar bango ba ta ƙarewa idan ba a yi shiri ba. Girgizar injin daddaɓe ƙasa tana iya tsaga gini, haka ma zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa don rami ya bushe yana iya sa harsashin gida ya zauna. Akwai kuma tsagar da ta shekara goma a wurin, mai gida bai lura da ita ba sai yanzu. Maganin abin shi ne a ɗauki hoton kowane gida ciki da waje kafin a fara, mai gida yana tsaye, a ba shi kwafinsa. Wasu 'yan kwangila suna ɗaukar wannan kariya ce gare su kaɗai. Ni na ga ya fi amfanar mai gida, domin shi ne ba shi da lauya.

Ba ko'ina ne sai an haƙa ba. Akwai dabarar da injiniya Eric Wood ya fara amfani da ita a Landan a 1971, wadda daga baya aka saba yin ta haka: a jiƙa wata doguwar riga da ƙaro, a tura ta cikin tsohon bututu tana juyewa kamar safa, a gasa ta da ruwan zafi ko tururi har ta sandare ta zama sabon bututu. Titi ba ya taɓuwa, aikin makonni ya koma na kwanaki. Sai dai idan bututun ya rufta, ko ya lotsa, ko ya yi wa jama'ar yanzu kaɗan, rigar ba ta gyara wannan. Ita ma tana da nata takurar: na wasu awoyi mahaɗan gidaje a toshe suke har sai an huda su daga ciki, kuma warin ƙaron yana iya shiga ɗaki ta magudanar da lanƙwasarta mai riƙe ruwa don tare wari ta bushe. Ruwa kaɗan da za a zuba a kowace magudana yana tare shi, in dai an gaya wa mutane tun da wuri.

Sanarwa kuwa, wadda ke aiki ita ce mai faɗin ranar da za a iso ƙofarka, awa nawa za ka daina sakin ruwa, da lambar mutumin da zai ɗaga waya da dare. Gara a ce mako 6 a gama a 5, da a ce 3 a kai 6.

Sai rufe rami, inda kowa ya gaji, kuɗi ya ja baya, ido ya koma kan sashe na gaba. Ƙasa ana mayar da ita ne hawa-hawa, kowane hawa a daddaɓe shi kafin a ƙara wani. Idan aka tura ta gaba ɗaya da katafila aka shafe da kwalta, ranar miƙa aiki titi zai yi kyau, ruwan sama na farko kuma ya lotsar da shi tsawon layin, ruwa ya riƙa kwanciya a ƙofofin mutane. A lokacin ma'aikata sun kwashe kayansu. Shi ya sa a duk kwangilar da aka nemi shawarata nake dagewa a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila har damina ɗaya ta wuce, sannan ranar duba aikin a kira mazauna layin su zagaya tare da mu, kowa ya nuna ƙofarsa.