Yadda na ɓata dutse ruwan hoda da lemun tsami

Sana'ata haɗa sarƙar duwatsu, ta wuya da ta hannu, yawanci murjani da tsakiya. Bara wani ɗan kasuwa ya kawo min igiya biyu ta duwatsu ruwan hoda, ya ce duk iri ɗaya ne. Ta farko tana da fararen layuka masu lanƙwasa, kamar kitse a jikin tsoka. Ta biyun kuma baƙaƙen jijiyoyi ne suka ratsa ta.

Da na ga ƙura a ramukan, sai na jiƙa su a ruwan ɗumi da lemun tsami, yadda nake wa tagulla, na bar su suka kwana. Wayewar gari mai baƙar jijiyar tana nan yadda take. Mai farin layin kuwa ƙyallinta ya tafi, ta yi kaushi kamar an goge ta da yashi. Rabin jarina ke nan!

Sai a lokacin na nemi sanin abin da na saya. Mai farin layin sunanta rodokurosayit, sunan da aka raɗa mata a 1813 daga kalmar Girkanci ta furen wardi. Sinadarin manganis ne ke ba ta launin, amma 'yar uwar farar ƙasa ce, shi ya sa tsami ke cin ta. Taurinta bai wuce 4 ba a ma'aunin Mohs mai hawa 10, wuƙa ma tana karce ta. Mafi shahara cikin masu layin daga mahaƙar Capillitas take fitowa, a lardin Catamarca na Ajantina, inda suke kiranta wardin Inka, wato wata al'ummar dā ta Kudancin Amurka, suna cewa jinin sarakunansu ne ya daskare. Da ka ga an yanka ta, ba ka ganin laifin wanda ya ƙirƙiro zancen.

Ɗayar rodonayit ce, taurinta wajen 6. Rashawa sun daɗe suna haƙo ta a tsaunukan Ural, har ginshiƙan tashar jirgin ƙasa ta Mayakovskaya a Mosko, wadda aka buɗe a 1938, an yi musu ado da ita.

Yanzu rodokurosayit ba ta ganin komai sai tsumma mai ɗan danshi. Na daina sa ta a abin hannu, don tana gogar ƙofa da tukunya. 'Yan kunne da na wuya kawai. Waɗanda na ɓata suna cikin gwangwani, ina nuna wa duk mai saye kafin ta biya, musamman masu fesa turare a wuya.