Rakiyar Mama neman jinin sarauta a Sikotlan

Dattijuwar da nake haya a gidanta a Gilasgo, tun ranar da na tare take gaya min su fa jinin sarauta ne, sunan gidansu Stewart, kuma kakarta ta sha faɗa musu cewa tsatsonsu yana tuƙewa ne ga sarki Robert the Bruce. Mama nake ce mata, ita kuma ta ce 'yata. Da muka samu hutun makaranta ta ce in raka ta ta bi salsalar nan tun ƙafa na ɗaukarta, ban yi musu ba, dan ni ma na tashi ina jin kakata na jero kakanninmu da ka, ba ta tsallake ko ɗaya.

Paisley muka fara zuwa, a jirgin ƙasa ko minti ashirin ba a yi. Akwai wani tsohon coci a can da Walter fitz Alan ya kafa a 1163, shi ne wakilin gidan sarki, to sunan wannan muƙamin ne ya koma Stewart, kamar dai yadda a wajenmu za ka ji ana ce wa zuri'a guda gidan Galadima ko gidan Madaki. A ciki aka nuna mana kabarin da ake cewa na Marjorie ne, 'yar Bruce, wadda ta auri wani Walter Stewart ta haifi Robert na biyu da ya hau gado a 1371. Mama ta daɗe tsaye a wajen hannunta kan jakarta, ba ta ce uffan ba.

Washegari sai Edinbara, ofishin adana takardu da ke bakin titin Princes, inda ake biyan kuɗin kujera a ba ka kwamfuta ka wuni kana tono. Nan ne aikin yake wallahi. Gwamnati ta fara rubuta haihuwa da aure da mutuwa ne a 1855, daga nan zuwa yau abin tiryan-tiryan, muka samu babanta, kakanta, baban kakanta, har da sana'ar kowa da unguwarsa. Kafin 1855 kuwa sai littattafan coci, rubutun hannu duk ya koɗe, wani shafin tawada ta ci rabi, ga sunan John da James sun cika ko'ina har ka rasa wane ne wane. Da ƙyar muka kai ƙarshen shekarun 1700, ga wani masaƙi a Paisley da aka rubuta ranar da ya kai ɗansa coci aka raɗa masa suna, daga shi hanya ta ɓace. Tsakaninsa da Bruce da ya rasu a 1329 sama da shekara 400 kenan babu takarda ko ɗaya a hannunmu. Wani mai bincike da ke kusa da mu ya ce Robert na biyu 'ya'ya ya bari rututu, dan haka ba abin mamaki ba ne a ce jininsa na jikinta, amma kuma da yawa sun ɗauki sunan ne kawai saboda suna zaune a ƙasar masu sunan.

Na ɗauka ranta zai ɓaci. Ta matso da fuska jikin kwamfutar tana bin layin nan da yatsa, ta ce 'yata kin ga, masaƙi ne, uwata ma har ta mutu ba ta rabu da zare ba. Sai hawaye. Ni ma gaskiya abin ya taɓa ni, na tuna kakata da ba wanda ya zauna ya rubuta abin da ke kanta.

Duk da haka ta ce sai mun je Dunfermline, garin da kabarin Bruce yake. Muka haye gadar Forth, jar gadar ƙarfen nan ta 1890, iska na kaɗa ruwa a ƙasa, sanyi kamar ya tsaga ƙashi. Tun daga nesa za ka hango sunan sarkin da manyan haruffan dutse a saman hasumiyar cocin. A 1818 ma'aikata suka ci karo da kabarin, da aka duba sai aka ga an tsaga ƙashin ƙirjin, dan an cire zuciyarsa, wani na hannun damansa James Douglas ya tafi da ita yaƙi da Musulmin Andalus aka kashe shi a garin Teba da ke Sifen a 1330, zuciyar aka dawo da ita cocin Melrose a Sikotlan. Wannan ban taɓa ji ba, na yi shiru ina juya abin a raina, ashe tarihinsu ya gogi namu ta nan.

Mama ko minti biyar ba ta yi a gaban kabarin ba. A jirgi muna komawa ta zaro kwafin takardar masaƙin daga jaka ta sake karantawa, ta ce ran Asabar in shirya, Paisley za mu koma mu nemo layin da ya zauna.