Fitsarin mai ciki ba a yi masa gaggawa

"Ni fa lafiyata ƙalau, Malam." Maganar da na fi ji ke nan a ɗan ɗakin gwajina da ke Dorayi, daga bakin matan da aka turo daga wurin awo. Babu zafin fitsari, babu ciwon mara, kuma gaskiya suke faɗa. Amma sai in shuka fitsarin, wato in shafa shi a farantin gwaji don ƙwayoyin cuta su tsiro (gwajin da ake kira kalca), washegari in tarar sun cika faranti, galibi E. coli mai tasowa daga hanji.

Cikin ne ke ba su dama. Hanyoyin fitsari sukan saki, mahaifa ta danne su, fitsari ya riƙa kwanciya. Mai ciwon suga, mai sikila ko AS, wadda ta taɓa yin ciwon hanyar fitsari, da wadda ta yi haihuwa da yawa, su na fi sa wa ido. In aka bar shi yakan hau ƙoda, har ya jawo haihuwar bakwaini. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mai ciki wannan gwaji, in an samu a ba ta maganin kwana bakwai.

Maigidan da ya koya mini aikin, Allah ya jiƙansa, bai san wasa ba. Ranar da na karɓi fitsari a robar lemo, wanda aka yi tun asuba aka kawo bayan azahar, a gabana ya zubar. "Wannan datti za ka shuka?" Tun daga ranar, sai kwalba mai tsabta, sai tsakiyar fitsari, wato a bar na farko ya zuba sannan a tara, kuma kada ya wuce awa biyu. Faranti ya kwana a ɗumin digiri 37, ko da janareto zai cinye ribar. In ƙwayoyin sun kai 100,000 a mililita ɗaya, sai in ƙara kwana guda ina gwada maganin da zai kashe su.

Abin da ke ci mini rai shi ne masu ba da sakamakon kalca cikin awa ɗaya, a rabin kuɗi. Yaushe ƙwayar ta tsiro? Tsinken gwaji kawai suka tsoma, shi kuwa yakan tsallake cutar. Jiya wani magidanci ya tsaya yana taya gwajin kamar atamfa a Kantin Kwari. Na ce, "Alhaji, zan rage maka ɗari biyar, amma kwana biyun nan ba zan rage ba." Ya yi tsaki, ya miƙa wa Hajiya kwalbar.