Kwana biyu kan babur ɗin haya a Zanzibar

Kafin mai hayar ya miƙo mini makulli sai da ya karɓi lasisina ya je ya yanko mini takardar izinin tuƙi ta Zanzibar, domin lasisin baƙo shi kaɗai ba ya wadatarwa a tsibirin Unguja. Babur ɗin ƙarami ne irin na Vespa, ba giya ba kuloci, daga totur sai birki biyu a hannu. Na zagaya shi ina ɗaukar hoton duk inda ya ƙuje, na matsa birki, na duba taya, na ƙi hular kwanon farko saboda igiyarta ta tsinke. Mutumin bai ji haushi ba. Ya kawo wata, ya ce mini "pole pole", wato a hankali, sannan ya nuna gefen hagu da yatsa.

Hagun nan shi ne jarrabawar farko. Ni da na saba bin dama, a shataletalen farko bayan na fita daga Stone Town, tsohon birnin Zanzibar, hannuna ya so ya kai ni inda ya saba, sai na laƙe a bayan wata daladala, wato motar haya, na bar ta ta koya mini hanya. Shingen 'yan sanda biyu na wuce, kowanne takardar nan ya fara tambaya.

Daga Stone Town zuwa Paje a gabar gabas wajen kilomita 50 ne. A tsakiya kwalta ta ratsa dajin Jozani, wanda ya zama gandun ƙasa a 2004, kuma an jera tuddan rage gudu a wurin saboda jajayen birai da motoci ke bugewa, irin da asalinsu na Unguja ne kawai. Na kashe inji a gefen titi. Uwa ɗaya na zaune a reshe da jaririnta maƙale a ciki, gashin goshinta fari a tsaye, tana tsinkar ganye ba ta ko kalle ni ba. Motocin baƙi uku suka wuce gilashi a rufe. Abin da ya sa nake ƙaunar ƙaramin babur ke nan: inda ranka ya ce tsaya, nan za ka sauke ƙafa.

A Paje na tarar ruwa ya janye nesa, mata sun shiga fili suna ɗaure ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku, sana'ar da ta kafu a wannan gaɓa tun 1989. A nan kuma na faɗi. Na bar kwalta na shiga wata 'yar hanya, farin yashi ya rufe ta, na damƙe birkin gaba, ƙaramar tayar ta zame nan take. Gudun bai kai na mai keke ba, amma gwiwar hannuna ta sale, salansa ta lashi ƙafar wandona. Da gajeren wando na sa, da fata ta ƙona. Wani dattijo ya taimaka muka ɗaga babur, ya nuna mini da hannu: a yashi sai birkin baya, ƙafafu a ƙasa.

Washegari da la'asar na juya, don ba na son dare ya same ni a titin da babu fitilu. Da na mayar da babur na nuna wa mai shi sabon ƙujewar da kaina, muka buɗe hotunan ranar farko muka gwada, na biya kuɗin gyara, ya tambayi hannuna kafin ya karɓi makulli.